Ƙafar Ɗan Zalɓe

A gidanmu na Argungu ba don tatsuniya ake hura wuta ba. Kakarmu Ige, mahaifiyar Baba, sana'ar gumi take yi. Takan jiƙa shinkafa shanshera, bayan magariba ta ɗora ta a rabin duro ta turara, don gari na wayewa a shanya. Mu jikoki aikinmu zuba ɓuntun shinkafa a wuta, ladanmu kuwa labari. Har yau in na ji ƙanshin shinkafa tana turara, sai in ji kamar in naɗe ƙafa in zauna.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta gyara zama a kan kujerarta 'yar tsugunne ta ce, "Ga ta nan tahe, jiƙe sharkaf da ruwan gulbi." Mu kuwa mu haɗa baki: "Ta matso ta ji wuta!" Ni take kira maigidanta, tana cewa duk cikin mazan duniya ita Allah ya haɗa da wanda za a aika niƙa da hantsi ya dawo da azahar. Gaskiyarta ce. In na je wurin mai injin niƙa, sai in tsuguna ina kallon yadda bel ke juyawa, in manta da gari, in manta da tuwo. Ranar da ba a aike ni ba ma, can ake samuna.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta ɗan zalɓe. Wai an yi wani zalɓe a bakin gulbi, kullum yana tsaye cikin ruwa yana jiran kifi, rana ta dake shi, sauro ya cije shi. Da ya sami ɗa, sai ya dubi belbelu suna bin garken shanu cikin fararen kaya tas, saniya na taka ciyawa fara na tashi suna cafkewa. Belbela ci da motsin wani! Ya ce shi kam ɗansa ba zai sha wuyar da ya sha ba. Ya nemo farar ƙasa ya shafe yaron tun daga kai har wutsiya, ya kai shi wurin sarkin belbelu ya roƙa aka karɓe shi.

Ɗan zalɓe ya bi shanu, ya ci ya ƙoshi, ya yi ƙiba, babu wanda ya tsangwame shi. Matsala ɗaya ce. Duk ranar da garke zai ƙetare gulbi, belbelu su tashi sama su haye, shi kuwa sai ƙafafunsa su kai shi cikin ruwa. Ya tsaya shiru, ya ji sanyi na ratsa shi, ya ga inuwar kifi, ya ji wani daɗi da bai san sunansa ba. Rannan ya daɗe a tsaye har shanu suka yi nisa, farar ƙasar ta fara zuba, ga ubansa can a tsallake yana kallo.

A nan Kaka kan leƙa duro ta ce, "Ƙurunƙus kan tarwaɗa, shinkahwa ta yi!"

Mu yi ta ihu. "Kaka, ba ta ƙare ba! Ya bi shanun ko ya tsaya?"

"Ku za ku hwaɗa mani," in ji ta.

Ƙanwata Dije ba ta taɓa jinkiri ba. Ita shanu za ta bi, don fararen kaya take so, kuma ba ta ga abin sha'awa a tsayuwa cikin ruwa kamar turke ba. Ni ma na ce shanu. Baba yana gefe a kan tabarma da rediyonsa, kuma kowa a gidan ya san burinsa: ni ɗansa Nasiru in yi boko in zauna a ofis ƙarƙashin fanka, kada in san zafin gonar albasa. Kaka ta yi dariya har ta dafa gwiwa.

"Bakinka ya hwaɗi nashi, maigida. Ni ƙahwa nika kallo. Baki shina hwaɗin abin da mutane ka son ji, amma ƙahwa, in ba a aike ta ba, inda rai ka so nan taka zuwa."

Ban gane ba. Na duƙa na dubi ƙafafuna, ban ga komai ba sai toka.

Kaka ta rasu ina tsakiyar karatu. Da na gama, Allah ya ba ni aiki a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, na kama ɗaki a Badariya. Murnar da Baba ya yi ba ta faɗuwa. Da kansa ya shiga kasuwa ya sayo mini baƙin takalmi sau-ciki, ya ce ma'aikaci ba ya tafiya da silifa. Aikin ba shi da laifi, abokan aikina mutanen kirki ne. Sai dai tun ƙarfe goma nake fara duban agogo.

Ranar Asabar kuwa, ba wanda ya aike ni, sai in tsinci kaina a fadamar Zauro, inda injinan ban ruwa ke ta ƙara da rani. Farko kallo nake yi. Wata rana na tarar da wani dattijo injinsa ya mutu, shinkafarsa ta ɗauki ciki, ƙasa ta fara tsagewa. Na naɗe hannun riga, na kwance filogi na goge, na wanke kafireta, na ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, ruwa ya fito daga tiyo ya bi kwalbati yana ƙyalli. Dattijon ya yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na tsaya cikin taɓo da takalmin ofis, ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara.

Daga nan Asabar ta zama tawa. Kayan gyara nakan saya wurin Oga Sunday a unguwar Nasarawa, mutumin kudu ne amma Hausar Kabi ta zauna a bakinsa daram. Shi ya fara tsokanata: "Malam Nasiru, kai ma'aikaci na ko makanike? Ga barandar shagona nan ba kowa. In ka shirya, taho mu zauna." Na so ƙwarai. Amma duk lokacin da na yi niyya, sai fuskar Baba ta faɗo mini, ranar da ya miƙo mini takalman nan. Ba talauci nake tsoro ba, tsoron in karya masa zuciya nake yi.

Wata Lahadi na yi ta maza na hau mota zuwa Argungu. Na goge takalmi yana sheƙi, kamar yadda nake yi duk zuwa, na tuɓe shi a ƙofar zaure. Muka gaisa, na tambayi albasa, na tambayi ruwa, na sake tambayar albasa. Baba ya ce, "Hwaɗi abin da ya kawo ka." Na sunkuyar da kai na faɗa.

Ya dubi ƙofar zaure. Sannan ya ce, "Miƙo mani takalmanka." Ya kife su, ya sa farce a ɗinkin ƙasa ya ɓanɓaro baƙin taɓo.

"Tun bara nika ganin wanga. Sama kaka gogewa, ka mance da ƙasa. Na ce to, ko ohis ɗin nasu cikin hwadama anka gina shi?"

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na biye da ita.

"Ba ni ɓoye maka, na ji ciwo," in ji shi. "Inuwa nis so maka, don ni rana ta ci ni. Amma tsohuwa ta yi mani tatsuniyag ga tun ba a haihe ka ba. Babana hwatauci yas so in yi, in bi motoci zuwa kurmi. Ga ni nan cikin albasa, kuma ban taɓa nadama ba. Allah shi yi ma albarka, shi sa hannunka ya zan mai amhwani." Ya ajiye takalman. "To tashi, injina na can bayan ɗaki shina tari. Kuma kak ka ce za ka amshi ko sisi."

Yau shekaruna da yawa a barandar Oga Sunday. Ba zan ce kullum daɗi ba ne. Da damina aiki kan ja baya, farcena kuwa ya yi sallama da fari. Amma ban ƙara duban agogo ba. Dije tana nan a asibiti, ma'aikaciyar jinya, cikin fararen kayanta tas, tana son aikinta kamar me. Ita bakinta da ƙafarta tun farko hanyarsu ɗaya. Shi ya sa na gane Kaka ba rowar ƙarshen labari take mana ba. Ba ta ce zalɓe ya fi belbela ba, ba ta ce belbela ta fi zalɓe ba. Ƙarshen ba nata ba ne, shi ya sa take leƙa duro.

Yanzu ni ke yi wa 'ya'yana tatsuniyar, a tsakar gida bayan magariba. In na kai inda farar ƙasa ta fara zuba, sai in ce ƙurunƙus, su yi ta ihu. Babbar kan ce likita za ta zama, tana satar kallona ta ga ko na ji daɗi. Ina jin daɗi kam. Amma na lura in an neme ta an rasa, wurin maƙwabciyarmu mai keken ɗinki ake samunta, tana tsince ƙyalle. Ban ce mata komai ba. Ina dai duban ƙafa.