Littafin Madagaska a Aji Huɗu

Har yau ban manta da ranar da aka buɗe littafin Madagaska a aji huɗu ba. Lokacin ina masinja a wata firamare a ƙasar Bukkuyum, 'yan shekaru bayan gubar dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe mana yara. Nawa biyu suna ciki.

Ban yi boko ba. Aikina buga ƙararrawa, shara, da ɗauko akwatin littattafai daga ofishin ilimi. Ƙa'ida ita ce hedimasta ya duba kowane littafi kafin ya shiga aji. A wannan makon ya tafi Gummi ta'aziyya, sai mataimakiyarsa, Malama Rabi, baƙuwa a garin, ta buɗe akwatin.

Ta ce Madagaska tsibiri ce, ƙasar da teku ya kewaye. Yaran ba su san teku ba. Ta sa na kawo ruwa a daro, ta ajiye dutse a tsakiya. Ta ce kakannin mutanen a kwalekwale suka iso, sun yi sarauniyoyi, daga baya Faransa ta mulke su. Da aka ga hoton shanunsu masu tozo, wani yaro ya ce, "Malama, har can Fulani sunka kai?" Aka yi dariya, har da ni.

Shafi na gaba al'adar wasu mutanen can ce. Bayan shekaru suna buɗe kabari, su sake wa mamaci likkafani, su yi masa magana, su mayar. Malama ta karanta kafin ta ankara. Hasiya, wadda ƙanenta Sani ya mutu da gubar, ta ɗaga hannu.

"Malama, in sun buɗe, shina gane su?"

Malama ta rufe littafin.

Kwana biyu bayan haka uban Hasiya ya zo. Hedimasta ya dawo, ina tsaye bakin ƙofa. Mutumin bai ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, na zo cire ɗiyata. Ta sa Innarta gaba, wai a kai su wurin Sani su sake mai likkafani. Ka san mata ba su zuwa maƙabarta. Innar ba ta ko san inda anka sa shi ba. Tun ranar ba ta ci tuwo ba."

Hedimasta ya ce, "Malam, kuskure ne, za mu ɗauke littafin. Yarinyar ita ke zuwa ta ɗaya a aji."

Uban ya ce, "Ni na kai dutsen zinariyar nan gida anka niƙa. Ba ni iya jin tambayar kullum."

Ya tafi. Sau biyu aka aike ni gidansa, ya karɓe ni da mutunci, ya ce a'a. Hasiya ba ta dawo ba.

Ku malaman da kuka shigo aikin yanzu, littafin bai yi ƙarya ba, Malama Rabi kuma ba muguwa ba ce. Amma kafin ku karanta wa yara labarin matattun wasu, ku tambayi masinja ko mai gadi gidajen da aka yi rashi. Mu muka haƙa kaburburan.