Tulun Kullun Musye Alain

A shekarar 2004 Moutari ya haɗu da Musye Alain, a hawa na huɗu na wani dogon bene a Bron, kusa da birnin Lyon na Faransa, ƙofa na duban ƙofa. Moutari mutumin Damagaram ne, yana safarar shadda tsakanin Lyon da gida. Alain kuwa tsohon mai gyaran agogo ne, Bayahude, haifaffen Oujda ta Maroko. Shekara biyar ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa da taya juna ɗaukar kaya.

Wata ranar Talata cikin Afrilun 2009, tsohon ya buga ƙofa da takarda a hannu. Ya ce idinsu ya zo, kwana takwas addini ya hana shi mallakar duk abin da yisti ya taɓa. Saboda haka zai sayar wa Moutari kabad ɗin madafarsa gaba ɗaya a kan yuro guda: gari, taliya, biskit, da wani ƙaramin tulu na kullu mai tsami da ake tayar da burodi da shi.

Moutari ya juya maganar ta kowace fuska bai ga kanta ba. Sau uku yana tambaya ko da gaske kayan sun zama nasa, sau uku tsohon yana cewa da gaske, har ya miƙa masa makulli. Shi kuwa a gidan da ya tashi, in an tafa hannu ciniki ya faɗa. Ya ɗauka kunya ce ta hana dattijo cewa sadaka yake son yi. Washegari ya kwashe kayan ya raba wa mabukata a unguwar Minguettes, tulun kuma ya bai wa Kadidiatou, wata Bacadiya mai suyar fanke.

Da idi ya wuce, Alain ya zo yana murmushi zai fanshi kayansa. Da ya ji labari sai ya nemi kujera ya zauna. Gari da taliya ba su dame shi ba. Kullun nan, in ji shi, na mahaifiyarsa ne, da shi suka tsallako teku. A Oujda kowace shekara maƙwabciyarsu Musulma ke karɓarsa ta riƙa ciyar da shi da gari da ruwa don kada ya mutu, ranar da idi ya fita ta maido shi tare da madara da zuma. Haka iyaye da kakanni suka yi.

"To, baba, me ya hana ka ce mini ajiya ce?"

"Da na ce ajiya ce, ai da nawa ne har yanzu."

"Amma kana so in maido."

"Ina so. Ba ni da ikon faɗa ne."

Har ya shiga taram, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa wajen Kadidiatou, Moutari bai gane ba. Abin da ya sani kawai, ya ɓatar wa tsoho da abin da ya rage masa na uwa.

Ya tarar Kadidiatou ta soya fanke da rabin kullun, ta ƙara garin shinkafa a sauran, wai ya fi tashi. Ya rasa ko wannan shi ne kullun Oujda ko ya zama na Abeche ta Cadi, ita kuma sai dariya take masa. Ya karɓa haka nan, ya goge tulun da hannun rigarsa, ya ajiye shi a bakin ƙofar Alain bai buga ba.

Bayan kwana biyu ƙamshin burodi ya cika hawa na huɗu. Ba wanda ya tayar da zancen a cikinsu.