Gwaggo Bashira da Rigunan da Na Cusa a Buhun Shinkafa

Da zarar ta idar da sallar asuba, Gwaggo Bashira ba ta komawa barci. Takan ɗora shayi, ta buɗe tagar da ke kallon lungu don ta samu haske, sannan ta ɗaga kai ta duba rigunan da ke rataye a igiya daga wannan bango zuwa wancan, kowacce kai ƙasa. Haka ta yi shekara talatin da biyar a ɗakinta na unguwar Waziriyya a Jidda, har watan jiya da likita ya ce idanun sun gaji, ta ajiye allura. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu. Na daɗe da sanin ya kamata in yi wannan rubutu. Kunya ce ta hana ni, kuma yau kunyar ce ta tilasta ni.

Sana'ar Gwaggo ɗinkin rigunan rawar bale ce, rawar nan ta Turawa da 'yan mata ke yi a kan yatsun ƙafa. Ta zo aikin hajji a 1975, ba ta koma ba. Ta samu wanki da guga a gidan wata tsohuwar Baturiya, Madam Ilona, mai koya wa 'ya'yan ma'aikatan kamfanoni rawa a cikin unguwarsu mai katanga. Wata rana Madam ta ga yadda ta kama wata yagaggiyar riga da allura, ta ce daga yau an gama wanki.

Daga bakin Madam ta ji tarihin abin. Wai kafin yaƙin duniya na biyu da yadin auduga shara-shara ake yin siket ɗin, a ba shi sitaci, gumi na taɓa shi ya langaɓe. Bayan yaƙi sai nailan ya shigo, wannan yadi mai raga-raga kamar gidan sauro da ake kira tul a kasuwa, siket ya samu ƙarfin miƙewa daga ƙugu kamar faifai. Faifai ɗin Gwaggo take ce masa har yau. Hawa goma sha biyu take yi, kowane hawa bai kai na samansa faɗi ba, ta zura waya a tsakiya, ta kakkama su da hannu. Daga baya yayi ya juya zuwa yadi mai roba da riguna masu laushi har gwiwa, can kuma aka fara kawo ɗinkakku daga waje. Duk ta bi su ta koya. Takan ce, "Yayi bas ne, in kika tsaya gardama ya tafi ya bar ki."

Maƙwabciyarmu Mastura shaida ce, Gwaggo ba ta sa almakashi a yadi sai ta ga tafiyar yarinyar da za ta sa rigar. Mastura ta taɓa ganin Gwaggo ta warware riga guda saboda wani maɗauri ya karce ta a hannu, ta ce abin da ya karci tsohuwa zai yanki yarinya. Doka ɗaya ce a ɗakinmu: faifai ba a ninke shi, ba a ɗora masa komai, kuma kai ƙasa ake rataye shi don kada ya saki jiki.

Amma unguwa ba ta ga wannan ba. Abin da nake ji a bakin mata shi ne "mai ɗinka wa 'ya'yan Nasara rigar tsiraici". Gwaggo ba ta damu ba, takan ce, "Yara ne, 'yan kallon ma iyayensu mata ne. Allurata halal ce, halas, magana ta ƙare." Ni kam na damu. Da wannan allura na ci na sha na yi makaranta, amma ina jin kunyarta.

A 1996 dangin Abdulghani, mijina na yanzu, suka ce za su zo ganin gida. Haifaffun Jidda ne, mazauna unguwar Safa, masu mota da falo. Gwaggo ta fita sayo abin tarbar baƙi. Na ɗaga kai na ga faifai tara a igiya, saura kwana huɗu a sa su a wasan ƙarshen shekara. Na sauke su, na ninke, na cusa a buhunan shinkafa, na danne da gwiwa, na tura ƙarƙashin gado.

Bayan la'asar mahaifiyar Abdulghani ta zauna, ta ga keken ɗinki, ta ce, "Ma sha Allah. Hajiya, me ake ɗinkawa?"

Na yi caraf na ce, "Labule, Khala."

Gwaggo ta dubi igiyar da babu komai a kanta, ta dube ni, sannan ta ce, "Aiwa, haka ne, labule."

Da baƙi suka tafi ta jawo buhunan da kanta. Na so ta mare ni, ko ta zage ni, da na samu sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Rabi'a, ɗora min ruwan zafi." Shida suka miƙe da tururi. Uku wayarsu ta karye, sai da ta warware su hawa-hawa ta sake, yatsunta suka kumbura har zobe ya ƙi fita. Ta kai su a makare, malamar da ta gaji Madam ta yi mata faɗa a gaban yara, Gwaggo ta ce kuskurenta ne. Ni kuwa ko "yi haƙuri" ban ce ba.

Shekara goma sha shida ke nan. Duk lokacin da Gwaggo ta zo Safa surukata takan ce, "Hajiya, ya kasuwar labule?" Ita kuma ta amsa, "Alhamdu lillahi, ana taɓawa." 'Ya'yana uku sun tashi da sanin kakarsu telar labule ce.

Makon jiya matan da ta yi wa ɗinki suna yara suka shirya mata walima a wani gida a unguwar Aziziyya. Wasu sun zo da hotuna, wata ta zo da rigar kanta, fara fat, ba inda zare ya saki. Na je ni kaɗai, na zauna can baya. Wata ta tambaye ni, "Ke ce bintinta, 'yar da ta riƙe? Kullum sai ta yi mana maganarki." Ban iya cin komai ba a wurin.

Washegari na shiga ɗakin surukata, na faɗa mata duka, har da buhunan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ya binti, ai na sani. Kashegarin zuwanmu gwaggonki ta hau tasi ta zo har nan, ta faɗa min sana'arta. Ta ce ba ta son aurenki ya zauna a kan ƙarya. Amma ta roƙe ni kada in nuna miki. Ta ce yarinya ce, kunya ce, za ta wuce."

Na lissafa. Cikin kwana huɗun nan da yatsunta ke kumbura, ta cire rabin yini ta je ta gyara min aure.

Gwaggo, ke ce gwanar da unguwa ta raina kuma ba ki rama ba. Ke ce kika ɗauki faɗan da ni ya kamata a yi wa. Kin rufa min asiri a wurin mutane, har a wurin kaina kin rufa min. Kin ce za ta wuce, to ta daɗe ba ta wuce ba, kuma laifina ne. Ki yafe min. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara miki lafiyar ido.

Masu sana'a su koyi irin aikinta, masu riƙon 'ya'yan wasu su koyi irin haƙurinta. Ku kuma da kuke da irin Gwaggo a gida, in an tambaye ku me take yi, ku faɗa da babbar murya tun tana ji. Tawa telar rigunan rawa ce, sunanta Bashira, kuma ita ta raine ni.