Warin da na ɓoye wa gida

Jiya ɗan ƙanena ya zo daga Dogon Dutsi, ya tsaya bakin ƙofa ya toshe hanci.

"Baba, ɗakin ga na wari. Ƙaƙa kake kwana ciki?"

Na ce, "Shigo, Isa. Da wari na ciyar da ubanka."

Bai gane ba. Farkon mulkin kai, duk karatuna, ban samu aiki ba sai wankin makewayin jirgin ruwa tsakanin Gaya da Yamai. In bututu ya toshe, in zura hannu har kafaɗa, in bi da toka. A garinmu Matankari kuwa cewa nake ni magatakarda ne.

Isa ya aje geron da ya kawo mini ya juya, bai shigo ba.

Jama'a, da na faɗa wa 'yan gida gaskiya tun can, da ya shigo?