Ranar da Baƙon Lotabo Ya Ƙirga Shanu

Kwana huɗu ke nan da saukar ruwan farko a Kimatong. Duwatsu sun wanku tas, ƙasa na ƙamshi, rana kuma ta fito da zafin nan mai ɗanshi da ke sa mutum gumi yana zaune. A ranar ne baƙon Lotabo ya yi abin da ya kusa raba shi da garin.

Shi Lotabo shanunsa ba su taɓa yawa ba. Ciwo ya kwashe rabi tun yana saurayi, sauran suka tafi a sadakin matarsa Nadai, ya tsira da karsana guda da 'yar gonar dawa a bakin rafi. Abin da yake da shi da yawa haƙuri ne. Shi ya sa da Mwakio ya zo, wani ɗan mishan daga Kenya mai son koyon yarenmu na Laarim, dattawa suka ce a kai shi wurin Lotabo, shi ne ba ya gajiya da maimaita magana.

Wata bakwai suna tare. Da sassafe Mwakio zai ɗauki jarka ya bi mata zuwa ramin ruwa a cikin yashin rafi, suna yi masa dariya yana taya su. In ya dawo ya ci tuwon dawa da nono a gidan Nadai, sai su zauna gindin tsamiya, Lotabo ya faɗi kalma, shi ya maimaita, ya rubuta a littafinsa. Wata kalmar sai an yi sau ashirin. Ɗan birni ne, bai taɓa kiwon ko akuya ba, amma ba ya fushi, kuma in an yi rashi shi ne farkon zuwa gaisuwa.

Makon nan ƙirga suke koyo da 'yan tsakuwa. Da safen ranar, garken Lokidor, sa'an Lotabo, ya zo wucewa. Sai Mwakio ya miƙe, ya ɗaga yatsa, ya shiga nuna shanun ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi har ashirin da uku. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya juyo yana murmushi, yana jiran a yaba masa.

A wurinmu ba a ƙirga shanu. Mai shanu ya san kowace da launinta da uwarta, in ɗaya ta ɓata idonsa zai gaya masa. Wanda ya nuna su da yatsa yana ƙirgawa, baki ya yi musu.

Kafin rana ta karkata, wani sa da Lokidor ya fi so, mai roɗi-roɗin nan da yake yi wa waƙa tun yana maraƙi, ya kwanta ciki kumbure kamar ganga. Dattawa suka taru gindin tsamiya.

"Lotabo," in ji Lokidor, "watanni kana cusa masa magana a baki, ba ka cusa masa hankali ba? In san nan ya mutu, baƙonka ya naɗe tabarmarsa. Ba zai ƙara shan ruwan rafin nan ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Mwakio ya ji abin da aka ce sarai, wannan ce illar koyon yare. Ya ce, "Baba Lokidor, ban sani ba." Ba wanda ya dube shi.

Lotabo ya sulale ya nufi gonarsa, don can yake zuwa in ransa ya ɓaci. Yana isa ya tsaya cak. Shingen ƙaya ya buɗe ta wajen rafi, daidai inda Nadai ta yi ta yi masa mita tun rani ya gyara. Ga sawun kofato manya a cikin laka. Gyauron dawar da ya tsiro bayan ruwan, ɗanye shar, an kiwace shi har ƙasa. Kowa ya san gyauro sabon tsiro guba ne ga shanu.

Ya daɗe a tsugune. In ya yi shiru, ruwa ɗaya zai shafe sawun. In ya yi magana kuma san ya mutu, karsanarsa ce za ta maye gurbi. Nadai ta iske shi a haka, ta dubi shingen, ta dubi sawun.

"To, maigida, ƙaya ta gyara kanta?"

"Ke dai bari."

"Na bari. Amma mutumin nan a ƙwaryata yake cin tuwo."

Ta ɗora itacenta a ka ta wuce. Lotabo ya tumɓuke gyauro guda mai alamar haƙorin sa a jiki, ya koma gindin tsamiya, ya ajiye shi gaban dattawa.

"Ba yatsa ba ne," ya ce. "Shingena ne. Ku zo ku ga sawu."

Lokidor ya ɗauki ganyen ya shinshina. Ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya tuna sansa na can yana nishi. Yanzu da aka san ciwon, an san abin yi. Aka dama ruwan toka da man shanu aka ɗura masa, maza shida suka ciccibe shi ya tsaya, aka ce a yi ta yawo da shi kada ya kwanta. Mwakio ya kama igiya ba wanda ya sa shi. San ya taka masa ƙafa, ya ja shi cikin kashi, bai saki ba. Lokidor na biye yana rera waƙar san, Lotabo na danna cikin ta hagu.

Sun zagaya shingen shanu ya fi a faɗa. Rana ta yi sanyi, sai san ya tsaya, ya miƙa wuya, ya yi wata gyatsa da aka ji har bakin rafi. Ya ƙara. Cikin ya fara sacewa. Can ya sunkuya ya tsinki ciyawa.

Lotabo ya zauna daɓas a ƙasa. Dattawa suka fashe da dariya.

"Kai malalaci," in ji Lokidor, yana share ido, "gobe in na zo ban ga ƙaya a shingen nan ba, da kai zan toshe shi." Ya juya wajen Mwakio. "Kai kuma ɗan birni, yatsan nan ka sa shi a aljihu. Gobe ka zo garke in nuna maka yadda ake sanin saniya. Wannan matsiyacin mai karsana ɗaya me ya sani?"

"Zan zo, Baba. In zo da littafi?"

"Ka zo da ido."

Washegari Lotabo da Nadai suka gyara shingen, ita tana miƙo ƙaya tana tuna masa ranakun da ta faɗa. Mwakio ya riƙa raba yininsa biyu, safe a garke, yamma gindin tsamiya. Ya yi shekara tara a garin, har ya kai yana wa'azi ba tafinta, kafin ciwon mahaifiyarsa ya mai da shi gida.

Lotabo yana nan a Kimatong. Idonsa ya yi rauni, ya bar noma, yana zaune gidan babbar 'yarsa a gindin dutse.