Littafin Baba Ya Fi Nawa Kauri

Jiya ina kakkaɓe akwati na ci karo da Littafi Mai Tsarki na marigayi surukina, har yanzu yana ƙanshin man zafi. Shi ɗan Katolika ne, ni kuwa Furotestan.

Da na haifi 'yata ta fari a garin Madaki, ya so a yi mata baftisma tana jaririya. Muna ɓarar gyaɗa na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ni abin da ke rubuce kawai nake bi, ban kuwa ga inda aka rubuta a yi wa jariri baftisma ba."

Ya ajiye littafinsa kusa da nawa. Nasa ya fi kauri. "To 'yata, wa ya zaɓi abin da zai shiga ciki? Ba ikilisiya ba?"

"In ikilisiyar ta kauce fa, wa zai gyara ta?"

Ya yi dariya har da tari. "Ki tambayi fastonku, ni kuma in tambayi namu, Fada. Yarinya ta jira."

Ta jira kuwa, bai taɓa tilasta mini ba. Jiya a cikin littafin nasa na sami tambayar nan tawa da rubutun hannunsa, ƙasanta babu komai.

Ubangiji, ka ba shi hutawa, ka kuma amsa masa, don na san da tambayar ya iso gabanka.