Tsagar da Na Goge Daga Fuskar Kansila Illo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 15 ga watan Nuwamba, Allah Ya karɓi ran Kansila Illo Usman na Tungan Maje, a wani asibiti da ke Yelwa, bayan jinyar kwana shida. Shi ne kansilan mazaɓarsu a Ƙaramar Hukumar Ngaski, kuma yana cikin neman kujerar Majalisar Dokokin Jiha ajali ya cim masa. Ni Hamza ne, mai shagon ɗab'i a Yelwa. Ni na buga fastocinsa da kuke gani a bango tun daga Wara har ƙauyukan bakin tafki, kuma saboda waɗannan fastoci ne na kasa yin shiru.

Illo, shekara talatin muna tare. Lokacin da jirgi ya kife da ƙanena Auwal, kowa ya haƙura a rana ta biyu, aka ce ruwa ya ci. Kai ka ƙi haƙura. Ka ɗauki kwalekwalen mahaifinka kana bin gaɓa, kana leƙa cikin ciyawa, sai a rana ta uku ka kawo mana gawarsa muka yi masa sutura. Ba ka taɓa tuna mini da wannan ba ko da a cikin wasa.

Da ka zama kansila, ofishinka na gaskiya shi ne mashigar jirage ranar kasuwar Wara. Ka tsaya da wando naɗe har gwiwa kana ƙirga fasinja, in lodi ya yi yawa ka sauke buhu da hannunka. An zage ka, an ce kansila ya koma ɗan dako, har wata mai kifi ta taɓa jifar ka da ƙwarya. Ka ɗauki ƙwaryar ka miƙa mata, ka kuma hana ta shiga jirgin. Ruth, ungozomar ƙaramin asibitin Tungan Maje, ta faɗa mana a wurin zaman makoki cewa ranar da iska ta yaye rufin ɗakin haihuwa, kai ka tsallako da kwano, kai ka hau sama ka buga shi da babbar rigarka rataye a bishiya.

Mutumin da na yi wa laifi ke nan. Da ka yanke shawarar tsayawa takara, ni ka kawo wa aikin fasta, ka zauna na ɗauke ka hoto a shagona. Da na buɗe hoton a kwamfuta, sai idona ya tsaya a kan tsagar gidanku, uku-uku a kowane kunci. Na dubi fastocin sauran 'yan takara, kowa fuska sumul kamar ango. Sai wayona na ɗan birni ya raya mini cewa manyan jam'iyya za su ce ga ɗan masunta nan ya zo neman majalisa. A minti goma na share tsagar tas, ina ganin gata na yi maka. Ban tambaye ka ba. Masu liƙawa suka kwashe fastocin daga shagona kai tsaye, kafin ka gan su sun cika gari.

Washegari ka shigo da guda ɗaya a hannu kana dariya. Ka ce, “Hamza, wanga kyakkyawan saurayi ɗan wane gida ne? Ni ma shi zan zaɓa.” Daga nan dariyar ta ɗauke, ka tambaye ni yadda aka yi. Na ce na'ura ce ta wanke hoton. Ka san ƙarya nake yi, na kuma san ka sani. Abin da ka ce kawai shi ne in sake bugawa, na ce an gama. Ban sake ba. Aikin wasu 'yan takara ya yi mini yawa, kullum ina cewa gobe, domin na san kai ba za ka ɗaga mini murya ba.

Mako biyu bayan haka aka yi taro a Tungan Maje, ina nan da kyamarata a wuya. Wani dattijon masunci, Baba Garba, ya miƙe da fastar a hannunsa. Ya ce, “Illo, tun ba ka kai Birnin Kabi ba ka goge mu daga huskarka. In ka kai, mi za ka bari?” Ka juyo ka dube ni sau ɗaya tak. Kalma uku ta ishe ni, in ce ni na yi. Sai na sunkuyar da kai ina murɗa kyamara kamar wani abu ya lalace a jikinta. Ka juya wurin jama'a ka ce, “Laihina ne, ku yahe mini.” Ka ɗauke shi ne don kada mutanenka su tsane ni, ni kuwa na ji daɗin da ka ɗauka. Wannan jin daɗin shi ya fi komai ci mini rai yanzu.

Daga ranar ba ka huta ba. Ka shiga bin tunga-tunga a cikin rana, kana zama a kan tabarmar kowane mai gari don mutane su ga fuskarka da idonsu. Matarka Sa'adiyya ta ce ko da zazzaɓin ya fara ka ƙi kwanciya, ka ce saura ƙauye huɗu. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, ni ma na yarda. Amma na san wanda ya ɗora maka wannan tafiya. Na zo asibiti sau biyu da maganar a bakina. Zuwan farko ɗakin cike yake da jama'a, na fake da hakan. Zuwa na biyu ba ka gane kowa.

Ranar addu'ar uku na shiga gaishe da mahaifiyarka, Inna Asibi. Na same ta da fastar shimfiɗe a cinyarta, tana shafa kuncin hoton da yatsa. Da aka gaya mata ko ni wane ne, ta ce, “Kai ne mai hoton ga? Ni na riƙe shi bisa cinyata randa wanzami yay yi mai tsagar ga, yana kuka ina kuka. An ce shi yas sa anka share. Ban tambaye shi ba, ɗana, tsoron amsar nike ji.” Na buɗe baki, sai “Allah Ya ba da haƙuri” ya fito. Karo na uku ke nan da na yi shiru.

Ba zan yi na huɗu ba. Inna, Illo bai sa an share komai ba, bai ma sani ba sai da fastar ta hau bango. Bai taɓa jin kunyarki ba, bai taɓa jin kunyar Tungan Maje ba. Ni na ji masa kunyar da shi bai ji ba. Baba Garba, tambayarka ni ya kamata ta hau, ina tsaye kusa da kai na bar shi ya amsa. Hoton asali yana nan, na buga shi yadda yake. Ranar addu'ar bakwai zan kawo shi da hannuna, in karanta wannan takarda a filin da na sunkuyar da kai. Duk abin da kuka ga dama ku faɗa mini, zan tsaya in ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asibi, da Sa'adiyya, da 'yarsa Asama'u da ƙannenta, da dukkan mutanen bakin ruwa da suka rasa mai tsaya musu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Illo, kai ba ka nan balle in roƙe ka gafara, sai dai in roƙa maka. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya lulluɓe ka da rahama yadda ka rufa mini asiri a gaban jama'a. Allah Ya haɗa ka da Inna a Aljanna, ta gan ka da fuskar da ta sani. Amin.